Daga Bakin Ƙofar Maƙera: Seamus Heaney da Masu Sana'ar Ƙauyensu

A Hillhead, wata 'yar unguwa ta bakin titi kusa da garin Castledawson a Ayalan ta Arewa, an yi wani maƙeri mai suna Barney Devlin, wanda ya rasu a 2016 yana da shekara 96. A shekarunsa na ƙarshe baƙi ba su yanke wa maƙerarsa ba. Sai dai ba doki suke jawowa a sa masa takalmin ƙarfe ba, ba kuma bakin garma suke kawowa a gyara ba. Abin da ke kawo su wata waƙa ce mai ɗango 14, wadda wani yaron yankin, Seamus Heaney, ya fitar a 1969 bayan ya girma ya bar gida. So suke su ga ƙofar da waƙar ta ambata, su ga uwar maƙerar, in da hali a buga musu ita su ji ƙararta. Wannan ne ya sa muka koma ga waƙoƙin da Heaney ya yi wa masu sana'ar ƙauyensu da tambaya ɗaya: idan marubuci ya ɗauki sana'ar hannu ya sa ta a waƙa a daidai lokacin da take shirin mutuwa, me ya ceto, me kuma ya bari a baya?

An haifi Heaney ranar 13 ga Afrilu, 1939, a wata gona da ake kira Mossbawn, cikin gida mai ɗaki uku da rufin jinka. Shi ne babba cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa manomi ne da ke haɗawa da fataucin shanu. Ƙauyen da ya buɗe ido ya gani kusan komai nasa daga hannun wani maƙwabci yake fitowa. Maƙeri shi ke yi wa dawakin huɗa takalmi, ya ɗaura wa ƙafar amalanke zoben ƙarfe, ya ƙera ƙyauren gona. Mai baibaya shi ke sabunta rufi da karan alkama ko na wasu hatsi, yana kafe shi da tsumagu. Mata su ke kaɗa nono su fid da man shanu. Makamashin girki da jin ɗumi kuwa wata baƙar ƙasa ce ta fadama, ruɓaɓɓen ganye da ciyawa na dubban shekaru, wadda ake yankawa kamar tubali da wani shebur na musamman, a shanya ta ta bushe.

Heaney bai gaji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Dokar ilimi ta 1947 ta buɗe wa 'ya'yan talakawan Ayalan ta Arewa ƙofar sakandare, shi kuma yana ɗan shekara 12 ya ci jarrabawar tallafin karatu ya tafi makarantar kwana ta St Columb's a birnin Derry, daga nan ya wuce Jami'ar Queen's a Belfast, ya gama a 1961. Yana can yana karatu, ƙauyen yana sauya kama. Taraktar nan 'yar ƙarama mai ruwan toka ta Harry Ferguson, wanda shi ma ɗan manomi ne daga Ayalan ta Arewa, ta fara fitowa daga masana'anta a 1946, kuma cikin shekara goma an ƙera sama da rabin miliyan. Duk gonar da tarakta ta shiga doki ya fita, duk dokin da ya fita maƙeri ya rasa ƙafa huɗu da yake yi wa takalmi. Wanda ya sami kuɗi sai ya yaye jinka ya sa kwano ko falalen dutse. Madara kuma ta koma tafiya kamfani a mota. A 1964 aka buɗe wa jama'a gidan tarihin rayuwar karkara na Ulster a Cultra, inda ake kwaso tsofaffin gidaje da shaguna a sake gina su don masu kallo. A cikin wannan shekarar ce Heaney ya rubuta "Digging", waƙar da ta buɗe diwaninsa na farko, Death of a Naturalist, wanda kamfanin Faber and Faber na Landan ya buga a 1966. Wato waƙoƙinsa da gidan tarihin sa'o'in juna ne, kuma abu ɗaya ya haife su.

Yabon gwani ya zama dole, don haka mu fara da abin da waƙoƙin suka yi daidai. Heaney yana kallon aiki da idon wanda ya san ana iya yin sa da kyau, ana kuma iya ɓata shi. A "Follower" ya nuna mahaifinsa yana huɗa da dawaki biyu, ya kira sassan garmar da sunayensu na gona, ya nuna yadda mutumin ke auna kunya da ido, yadda yake juya dawakin a ƙarshen gona da ɗan motsi kaɗan na linzami. Babu tausayi irin na ɗan boko a ciki, babu kuma raini. Gwani ne ake kallo yana aikinsa, yaro yana tuntuɓe a bayansa yana dame shi da surutu. A ƙarshe sai waƙar ta juye, tsohon ne yanzu yake tuntuɓe a bayan ɗan. A "Churning Day" kuwa aikin mata ne. An fito da manyan tukwanen da madara ta kwana a ciki ta yi tsami, an zuba ta a wani mazubi na katako mai zurfi, ana ta kirɓawa da sanda kamar mai daka, mahaifiyarsa ce ta fara, ana karɓeɓeniya har hannu ya yi bororo, kafin man ya fara tasowa. Bayan an gama, warin tsami ya daɗe bai bar gidan ba. Waɗannan biyun, a ganinmu, su ne mafi ƙarfi a cikin waƙoƙinsa na sana'a, domin a cikinsu aikin yana cin jikin mai yin sa, kuma mai ba da labarin yana cikin gidan, abin ya shafe shi.

Inda muke da magana shi ne waƙoƙin da suka fita daga gida suka nufi masu sana'ar da ake biya. "The Forge", wadda ta jawo wa Devlin baƙi, tana cikin diwani na biyu, Door into the Dark, kuma daga cikinta aka ciro sunan littafin, wato ƙofa zuwa cikin duhu. Mai magana a waƙar a waje yake tsaye. Yana ganin tsofaffin ƙarafa suna tsatsa a bakin ƙofa, yana jin bugun masaba, yana hango tartsatsi, yana jin ƙarar ƙarfe mai zafi idan an tsoma shi a ruwa. Uwar maƙerar ma bai gan ta ba, ƙiyasta inda take ya yi, sannan ya kamanta ta da teburin ibada na coci. Maƙerin yakan leƙo, ya dubi motoci suna wucewa inda da dawaki ke bi, ya yi gunaguni ya koma ciki. Waƙa ce da aka ƙera da kyau, sautinta yana tafiya da bugun ƙarfe. Amma a lura da abin da ya faru: da maƙera ta zama wurin ibada, maƙeri ya tashi daga mai neman abinci ya koma limamin wani asiri. Ba mu san nawa yake karɓa a kan doki ɗaya ba, ba mu san wa yake bi bashi tun kakar bara ba, ba mu san ko akwai yaro a gindin zuga-zugai da zai gaje shi ba. Duhun da ke cikin ɗakin ya yi wa waƙar ado, ya kuma rufe waɗannan tambayoyi.

"Thatcher", a cikin littafi ɗaya, ta fi nuna wannan. Mai baibaya ya iso wata safiya a kan keke da tsaninsa da wuƙaƙensa, ya duba rufin, ya gwada ƙarfin tsumagunsa, ya shafe kwanaki a sama, ya sauko ya bar mutane baki buɗe suna kallon rufi mai ƙyallin zinariya. Heaney ya rufe waƙar da kamanta shi da Midas, sarkin tatsuniyar Girkawa wanda duk abin da ya taɓa yake zama zinariya. Kamancen yana da daɗin ji, sai dai wanda ya san tatsuniyar ya san cewa wannan baiwa ce ta kusa kashe Midas da yunwa, don abincinsa ma zinariya yake zama. Waƙar ba ta waiwayi wannan ɓangare ba, alhali shi ne ya fi dacewa da mai baibaya na wancan lokaci, wanda ake sha'awar aikinsa ana kuma daina kiransa. Su kuwa mutanen da suka yaye jinka ba rashin sanin kyau ne ya sa su ba. Rufin kara yana ruɓewa, yana tara ɓeraye, yana kama wuta, kuma sai an riƙa sabunta shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma muryar mai ɗakin ba ta cikin waƙar.

Me ya sa Heaney ke mai da mai sana'a mai asiri? Shi da kansa ya ba da amsa a wata lacca da ya gabatar a Landan a 1974, wadda ta fito daga baya cikin littafinsa na maƙaloli, Preoccupations, a 1980. A can ya ɗauki mai gano ruwan ƙarƙashin ƙasa da gwafar itace, wanda ya yi wa waƙar "The Diviner", ya ce shi ne misalin sha'iri: mutum ne da ke jin abin da ke ɓoye ya fito da shi fili don amfanin jama'a. Gwaje-gwajen masana kimiyya ba su tabbatar da wannan hanya ta neman ruwa ba, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Abin lura shi ne maƙeri da mai baibaya da mai gwafa duk sun zama madubin da matashin marubuci ke duba fuskarsa a ciki, yana neman hujjar cewa shi ma aiki yake yi. "Digging" ta faɗi haka ƙarara: uba yana haƙar dankali, kaka yana yankan ƙasar makamashi, jika ba shi da shebur, don haka da alƙalami zai yi tasa haƙar. A cikin laccar nan kuma Heaney ya tuna cewa mutanen da yake gamuwa da su a hanyar makaranta sukan ba shi shawarar ya riƙe karatu, don alƙalami bai kai shebur nauyi ba. Su masu shebur ɗin ba su ɗauki abubuwan biyu ɗaya ba. Sun san ɗaya hanyar tsira ce daga ɗayan.

Mai karatu Bahaushe yana da ma'aunin da zai gwada wannan da shi, domin waƙar sana'a ba baƙuwarmu ba ce. Kalangu na mahauta ne, gangar noma ta manoma ce a wurin gayya, maƙera ma suna da makaɗansu. A wannan tsari makaɗi yana tsaye a gaban mai sana'a, yana kiran sunansa da na ubansa da na wanda ya koya masa, mai sana'ar yana ji, shi ne kuma mai biya. In makaɗi ya yi kuskure a kan aikin, a nan take za a gyara masa. Waƙoƙin Heaney na 1966 da 1969 an buga su a Landan, masu karatunsu na farko 'yan jami'a ne da masu sharhin jaridu, kuma maƙerin da mai baibayar da mai gwafar duk ba su da suna a cikinsu. Ba laifi ba ne a rubuta wa na nesa. Amma wanda ake rubuta wa shi ke yanke abin da zai shiga, kuma na nesa tartsatsi yake so ya gani, lissafin bashi bai dame shi ba.

Ayalan ma tana da irin waccan waƙa ta gaba da gaba, kuma Heaney ya san da ita. Eoghan Rua Ó Súilleabháin, sha'irin harshen Ayalan na asali wanda ya rasu a 1784, malamin makaranta ne da kan bi gonaki yana ƙwadago. Ya taɓa aika wa wani maƙeri mai suna Séamus MacGearailt baitoci yana neman ya ƙera masa shebur, yana zayyana yadda yake son nauyinsa da kaifinsa da yadda ƙota za ta zauna. Wannan mai waƙa ne da zai riƙe shebur ɗin da hannunsa gobe da safe, don haka kowace sifa da ya ambata tana da dalili. Heaney ya mai da waƙar Ingilishi ya sa ta cikin District and Circle a 2006, shekara 37 bayan "The Forge". Muna ganin wannan fassara a matsayin gyaran da dattijo ya yi wa aikin ƙuruciyarsa.

Akwai kuma Patrick Kavanagh, wanda Heaney ya sha faɗin cewa shi ya nuna masa ana iya yin waƙa da rayuwar ƙauye. Kavanagh ɗan mai ɗinkin takalma ne daga Inniskeen, ya bar makaranta yana yaro, ya zauna a bencin ubansa, ya kuma yi noma har ya haura shekara 30. Doguwar waƙarsa ta 1942, The Great Hunger, labarin manomi ne da 'yar gonarsa ta cinye masa ƙuruciya har ya tsufa bai yi aure ba. Babu zinariya a rufin Kavanagh. Wanda ya daɗe a cikin aikin ɗacinsa ya fi tunawa, wanda aka fitar yana ɗan shekara 12 kuwa da ƙyallinsa ya tafi. Dole mu yi wa Heaney adalci a nan: "At a Potato Digging" ta nuna 'yan ƙwadago duƙe a bayan injin tonon dankali cikin sanyi, ta kuma haɗa su da yunwar da ta fara a 1845. Ke nan ba makaho ba ne ga wahala. Amma akwai giɓin da ya fi ba mu mamaki. Dangin mahaifiyarsa ma'aikatan masaƙar lilin ne a Castledawson. Tsiron da ake yin lilin da shi ya fito a waƙar da littafin farko ya ci sunanta, ana jiƙa shi a kududdufi yana ruɓewa kamar yadda ake jiƙa rama, yaro yana kamun ƙwan kwaɗi a wurin. Masaƙar kanta, mai ƙararrawa da albashin mako, ba ta sami irin kujerar da maƙera ta samu ba. Sana'ar da ta yi kama da aikin sha'iri, ta mutum ɗaya da kayan aikinsa, ita ce aka zaɓa.

Wanda yake son ganin abin da ke bayan ƙofar sai ya nemi finafinan Hands, guda 37, waɗanda David Shaw-Smith da matarsa Sally suka yi wa gidan talabijin na RTÉ tsakanin 1978 da 1989, ana kuma samun wasunsu a intanet. A nan kyamara ta shiga ciki. Ana ganin mai yin gangar katako yana fere kowane falle yana jera su cikin zobe, ana ganin masu kaɗin ulu a Donegal, da masu saƙar kwando, da masu haɗa ƙaramin jirgin ruwa na firam ɗin katako da ake lulluɓewa da zane a shafe da kwalta, mataki bayan mataki, ba gaggawa. Wanda ya kalli ɗaya zai san abin da ake fara yi da abin da ke biye. Wanda ya karanta "The Forge" sau ɗari ba zai iya lanƙwasa ƙusa ba. Sai dai kuma babu fim ɗaya cikin 37 ɗin da mutum zai haddace ya riƙa maimaitawa a zuci, kuma ba fim ne ya sa baƙi suka riƙa tsayawa a Hillhead ba.

To, me waƙoƙin suka ceto? Martaba suka ceto. Sun sa yaran makaranta a ƙasashe da dama sun san cewa huɗa madaidaiciya ilimi ce, kuma mutumin da lambar Nobel ta 1995 ta je hannunsa bai taɓa jin kunyar cewa daga gidan jinka ya fito ba. Abin da suka bari shi ne sanin aikin da kuma kuɗinsa, wato abubuwa biyun da sana'a ke rayuwa da su. Abin da ya hana mu kira wannan yaudara shi ne Heaney bai ɓoye inda yake tsaye ba. Bai ce ya shiga ba. Ya nuna mana bakin ƙofa ya ce iyakarsa ke nan, kuma mai karatu da ya ɗauki bakin ƙofar a matsayin ɗakin gaba ɗaya shi ya yaudari kansa. Duk marubucin da karatu ya fitar daga gidan sana'a, ya kuma dawo da alƙalami yana son ya rubuta gidan, wannan matsala tana jiransa. Abin da zai iya yi shi ne ya faɗi inda yake tsaye, in kuma zai iya, ya sunkuya ya shiga ya tambayi farashi.

Heaney ya rasu a Dublin ranar 30 ga Agusta, 2013, aka binne shi a Bellaghy, inda aka buɗe cibiyar tunawa da shi a 2016, shekarar da Devlin ya bi shi. Kafin nan sun sake haɗuwa sau ɗaya a takarda. A daren shigowar shekarar 2000, da sha biyu ta buga, Devlin ya ɗauki masaba ya bugi uwar maƙerarsa sau 12, wani ɗan ɗan'uwansa yana saurare ta wayar salula daga Edmonton a Kanada. Heaney ya rubuta wannan a "Midnight Anvil", cikin littafin nan na 2006, kuma a wannan karon ya kira maƙerin da sunansa. Ya kuma faɗa tun a farkon waƙar cewa shi ba ya wurin. Bugun na sanar da sabuwar shekara ne, ba a ƙera komai da shi ba.